Sun Ƙi Sallamar Yaya

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda 'yan kasuwa suka fi sani da Malam Sikeli, kansilan unguwarmu a majalisar gari. Ya cika a ɗakinsa, matarsa tana riƙe da hannunsa tana maimaita masa kalmar shahada, aka yi masa sallah bayan azahar. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu tattara mu koma.

Yaya, tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na buɗe Alƙur'ani sai in kai ƙarshen shafi ban san me na karanta ba, in sake komawa sama. In tashi in share barandar da aka riga aka share. Ba mutuwar ce ta hana ni sukuni ba, don tun muna riƙe da allo aka koya mana cewa kowane rai zai ɗanɗane ta. Wani abu ne daban ya tsaya mini a ƙirji, kuma na ga ba zai sauka ba sai na faɗe shi. Na nemi izinin Anti, matarka, na nemi na Inna, mahaifiyarmu, duk sun ba ni. Abin da na gani zan ce na gani, abin da aka ba ni labari zan faɗi wanda ya ba ni. In na ƙara ko na rage, Allah Ya yafe mini.

Wanda bai san ka ba, to duk ƙuruciyarka da ƙarfinka a aikin duba awo suka tafi. Kai ne sifeton da hukuma ke turawa kasuwa ya gwada sikelin mahauta, da ma'aunin masu hatsi, da famfon gidajen mai. Har yanzu ina ganin akwatin nan naka na katako, duwatsun awo na tagulla a jere a ciki daga babba zuwa ƙarami, kowanne a raminsa. Ba ka yarda a taɓa su da tsirarin hannu, ka ce gumi ma nauyi ne. 'Ya'yana suna ƙanana sukan tsaya nesa da akwatin, hannuwa a baya kamar masu gaisuwa, har sai ka ba su ƙyalle su ɗaga ƙaramin su yi ta murna.

Kasuwa tana bakin layinku, amma ba ka taɓa sayen ko albasa a cikinta ba. Sai ka hau babur ka tsallaka gada zuwa kasuwar da ba ta hannunka. Anti ta sha yi maka ƙorafi, ta ce kafin naman ya iso gida wutarta ta mutu sau biyu. Amsarka ɗaya ce kullum: "In na saya a nan cika mini za su yi, ni kuma in aka cika mini yau, gobe ba zan iya kallon sikelinsu da idon gaskiya ba."

Abin da ya sa suka so ka kuwa ba tsananinka ba ne. Wani tsohon mahauci da ya zo gaisuwa ya ba ni labari da bakinsa, ya ce ka taɓa kama sikelinsa yana tauyewa. Doka ta ba ka dama ka ƙwace shi a gaban jama'a. Sai ka jira masu saye suka watse, ka kira shi bayan rumfa, ka nuna masa, ka ce za ka dawo mako mai zuwa, kuma in ka sake samunsa haka babu ruwanka. Ya ce bai sake tauye wa kowa ba, ba don tsoron tara ba, don kunyar mutumin da ya rufa masa asiri. Haka kake, Yaya. Ba ka iya kunyata mutum a bainar jama'a, ba ka kuma iya buɗe naka cikin a gabansu. Ban taɓa tunanin wannan halin zai zama abin da zan zauna ina kuka a kansa ba.

Ni kaina shaida ce. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara, ba ka taɓa tambayata ko ina da buƙata ba, don ka san zan ce babu. Sai dai ka shigo ranar Juma'a ka ce wai ƙofar kicin ɗina tana ƙara, ka zo ka gyara. Ka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da lafiyarta ƙalau, bayan ka tafi in tarar da buhu a bayanta.

Da ka yi ritaya muka ce alhamdu lillahi, Yaya zai huta. Fanshonka ya fara fita, ka ɗauko Inna ta dawo ɗakin da ke kusa da naku, ka kafa ɗan tebur a baranda kana gyara wa mutane tsofaffin sikeli kyauta. Ana nan sai 'yan kasuwa suka taso maka, wai sai ka tsaya takarar kansila, don kwatar kasuwa ta toshe shekara da shekaru kuma duk wanda suka tura majalisa sai ya manta hanyar dawowa. Jagoransu shi ne amininka Mai Taya, wanda kuka zauna benci ɗaya tun firamare, shi ma kansila ne a unguwar da ke maƙwabtaka da tamu. Ka ƙi, ka sake ƙi, har suka je suka kama ƙafa da Inna. Ka tsaya, ka ci.

A nan zan yi bayanin ƙa'idar fansho yadda aka fahimtar da ni, don a kanta maganar take. Ma'aikacin da ya yi ritaya, in ya dawo ya hau kujerar zaɓe mai albashi, ana dakatar da fanshonsa har ranar da ya sauka. Washegarin rantsar da kai, da ƙafarka ka je ofishin fansho ka ce a dakatar da naka, ba ka jira sun neme ka ba. Ka ce mini daidai ne, bai kamata hukuma ɗaya ta auna wa mutum ɗaya sau biyu ba. Ni ma ban ga aibu a nan ba, har yau. Amma ƙa'idar tana da jela. Kason da ake ba matar ma'aikaci bayan rasuwarsa, sai in ya rasu fanshonsa yana gudana. In ya rasu a kan kujera, fanshon a dakace, ba ta da shi. Kuma ofishin ba ya sake buɗe fansho sai majalisa ta zauna, ta ƙada ƙuri'a, ta amince da saukar mutum. Ka ce sun gaya maka duk wannan a ranar, ka yi dariya ka ce wa'adi ɗaya ne kawai, da yardar Allah ka dawo barandarka.

Ka yi musu aiki, wannan ba sai na faɗa ba. An yashe kwatar, an sa fitilu a layin masu kayan miya, an gina wa mata banɗaki da wurin sallah. Matan da a da sukan wuni a matse har su koma gida, su ne suka fi kowa kuka a ƙofar gidanka.

Sai ciwo ya zo. Da farko ka ce gyambon ciki ne. Da likita ya gama gwaje-gwajensa, ka kira ni da Anti cikin ɗaki ka tura ƙofa, ka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Ka hana mu kuka da ƙarfi don Inna tana ɗaki na gaba. Tun rasuwar autanmu, da aka faɗa mata babu shiri ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta bai sake komawa daidai ba. Ka ce ba za ka zama sanadin faɗuwarta ta biyu ba, ka ɗora mana amana kada maganar ta fita. Sannan ka juya wurin Anti ka ce, "Zan sauka daga kujerar nan. Fansho ya dawo, in ta Allah ta kasance kina da abin riƙe kanki da Inna." Ka san idanun Anti sun fara gajiya, zare ma sai an zura mata a allurar keke, ka san maganin Inna ba ya yankewa, 'ya'yanku mata kuma kowace tana fama da nata gidan.

Ranar da ka kai maganar majalisa ina wurin, a bencin 'yan kallo. Dogon tebur, kwalaben ruwa a jere, fanka tana ƙara a sama, makirufo ɗin nan da sai an buga shi yake tashi. Ka miƙe cikin rigar da ta fara yi maka yawa, ka ce kana roƙon a sallame ka saboda wasu dalilai na kanka. Ba ka rufe baki ba Mai Taya ya yi zumbur.

"Dalilai na kanka? Yaushe ka samu kai ban sani ba? Sikeli, zauna don Allah! In tsufa ne, na girme ka, ga ni ina tsalle. In kuma wani ne ya ɓata maka rai, nuna shi yanzu mu ɗora shi a kan sikeli mu ga nauyinsa."

Ɗaki ya ɗauki dariya. 'Yan kasuwar da ke bayana suka hau cewa ba su yarda ba, ba su yarda ba. Shugaban majalisa ya ce masu goyon bayan a sallami Malam su ɗaga hannu. Ko ɗaya. Aka tashi tsaye ana tafa maka. Ka ɗago ka dube ni, ka yi murmushin nan naka na wanda aka yi wa kyautar da ba zai iya mayarwa ba, ka zauna. Matar da ke kusa da ni ta ga hawayena ta dafa ni ta ce, "Ai dole ki yi kukan daɗi, baiwar Allah, irin wannan ƙauna ba kowa ke samu ba."

Ba ka haƙura ba. Ka samu shugaban a ofishinsa, kai ka ba ni wannan labarin, ka ce masa jikinka ne ba ya so. Mutumin kirki ne, nan take ya ce ka ɗauki hutu iya son ranka, kujerarka tana nan tana jiranka, ba wanda zai taɓa ta. Ya rako ka har bakin mota yana jin ya yi maka alheri. Hutu kuwa ba sauka ba ne, fanshon yana nan a rufe.

Da ka sake sa maganar a jadawalin zama, sai Mai Taya ya haɗa baki da sauran suka ƙi shiga zauren, don kada adadin masu ƙuri'a ya cika. Suka zauna wurin mai shayin da ke tsallaken titi, kai kana ciki kai da sakatare da fanka, suna ɗago maka kofi ta taga. Har aiko maka da naka suka yi, mai madara da yawa yadda kake so, alhali a lokacin ko ruwa da ƙyar yake zama a cikinka. Da ka dawo gida kana ba mu labari kana dariya, har dariyar ta koma tari. Anti ta tashi ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Ta roƙe ka, a gabana. Ta ce, "Malam, ka faɗa wa abokin nan naka shi kaɗai mana." Ka ce, "Mai Taya? In ya ji da safe, kafin azahar yana durƙushe gaban Inna yana rusa kuka." Kuma gaskiya ka faɗa, duk wanda ya san shi ya san haka. Na ce to ka daina zuwa zaman mana, har su gaji su cire ka. Ka dube ni kamar ba ni ba, ka ce da Alƙur'ani a hannunka ka yi rantsuwa, ba za ka bar kujera da sunan wanda ya yi sakaci ba. Albashin ma ka daina karɓa tun ranar da ka fara neman sallama, ka ce a zuciyarka ka riga ka sauka, ba za ka ci abin kujerar da ka saki ba. Haka gidan ya koma kan keken ɗinkin Anti, ba fansho ba albashi, kai kuma kana jan jiki zuwa majalisa duk ranar zama.

Daga ƙarshe ka yanke shawara. Ka ce za ka zauna da Inna ka faɗa mata da bakinka a hankali, sannan a zama na gaba ka miƙe ka faɗa wa majalisa gaskiya tsirara, kowa ya ji. Allah bai nufa ba. Jikin ya rikice kafin ranar, magana ta yi maka nauyi, aka yi zaman kana kwance, suka yi maka addu'ar samun sauƙi daga abin da suka ɗauka zazzaɓi ne.

Yaya, ga abin da ya fi hana ni barci. Bayan an kai ka, na shiga wurin Inna ina neman ta inda zan fara. Tana zaune da carbinta, idonta a bushe. Ta ce, "Kun gama ɓoye-ɓoyen naku? Ni na haife shi. Tun da wuyan rigarsa ya fara faɗowa na sani. Na ga ba ya so in sani ne, na bar shi da abinsa, kada in ƙara masa nauyi." Ka yi shiru don ita, ta yi shiru don kai, abokanka suka riƙe ka don suna son ka. Na juya maganar nan ta kowace fuska ina neman mugu ɗaya a cikinta, wanda zan ce shi ne, in samu in huta. Ban samu ba.

Anti tana takaba, don haka ni na je ofishin fansho. Ma'aikaciyar da na tarar ta san ka, ta ce kai ne mutumin da ya zo da kansa ya ce a rufe masa. Ta ba ni kujera, ta yi mini gaisuwa, sannan ta faɗa mini abin da na riga na sani: a wurinsu ka rasu kana kansila, kason matarka bai tashi ba. Ta ce ƙofa ɗaya ta rage, ita ma ba ta yi alkawari ba. In majalisa ta tabbatar a hukumance cewa ka nemi sauka tun ranar farko, su ne suka hana, kwamitinsu zai duba.

Ba na faɗa da ƙa'idar, ban kuma isa ba. Amma ina roƙon masu tsara irinta su dubi jelar nan. Shekarun da mutum ya yi yana bauta wa jama'a ba su goge don jama'a sun sake kiransa ba. Matar da ta wanke masa kakin aiki tun tana amarya, ba ita ta tsaya takara ba.

Mai Taya bai bar ƙofar gidan ba tun ranar rasuwar. Shi ke shimfiɗa tabarmi, shi ke karɓar baƙi, idanunsa sun kumbura. Ina wucewa na ji yana ba mutane labari: "Sau nawa ya so ya gudu ya bar mu, na ce ina! Alhamdu lillahi, a kan kujerarsa ya cika, da darajarsa." Anti tana bayan labule, ta ji. Sai da mutane suka ragu, sannan ta ce mini, "Je ki faɗa masa. Amma a hankali, don shi ma maraya ne yau."

Na kira shi gefe, bayan motocin da aka jera, inda ba mai ji. Na faɗa masa duka. Ya tsaya yana kallona. Sai ya zame ya zauna a kan dakalin maƙwabta, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

"Shayi na aika masa," ya ce. "Ƙanwata, shayi na aika masa ta taga."

Na ce masa, "Ai bai riƙe ka a zuciya ba, dariya ya yi ta yi." Ya ce zai sayar da shagonsa ya riƙe Anti da Inna har ƙarshen ransa. Na isar masa da abin da Anti ta ce in faɗa in ya kawo irin wannan: ta gode, amma ba taimako take nema ba, haƙƙin aikin mijinta take nema. Kuma kada a sauya kwanan wata, kada a rubuta abin da bai faru ba, don kai ba za ka yarda a saka maka ƙarya a kan awo ba ko da a kabari. A faɗi abin da ya faru kawai: ya roƙa, kun hana. Ya goge fuska ya ce, "Ni na tashi na hana, ni zan tashi in faɗa. A gaban kowa, da sunana."

Zaman yana nan tafe. Ban san me kwamitin fansho zai yanke ba, Anti ma ba ta sani ba. Jiya na tarar da ita a kan keke, ta matso da shi bakin taga don haske, Inna na gefe tana lalubar zura mata zare da hannunta mai lafiya. Na rubuta wannan ne don 'yan majalisa da 'yan kasuwa su ji daga bakinmu kafin ranar, kada su ji a bakin titi. Ba mu zarge ku ba. Kun so shi, mun gani da idonmu. Abin da muke roƙo, wannan karon in aka ce a ɗaga hannu, ku ɗaga.

Ina miƙa gaisuwa ga Inna, Allah Ya ƙara mata haƙuri a kan haƙurinta. Ga Anti, Allah Ya zama gatanta, Ya haskaka idanunta, Ya fitar mata da haƙƙinta ta hanyar halal. Ga 'ya'yansa da jikokinsa, Allah Ya albarkaci bayansa. Ga Mai Taya, Allah Ya sanyaya masa zuciya, kada Ya bar shi da wannan nauyin shi kaɗai. Ga 'yan kasuwa da duk wanda ya tako ko ya aiko, Allah Ya ba da lada.

Ya Allah, bawanKa ne ɗan baiwarKa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kankarar zunubi. Ya tsaya a kan awon mutane da gaskiya iyakar saninmu, Ka nauyaya mizaninsa da rahamarKa, Ka sada shi da Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mu kuma Ka kyautata namu zuwan.

Yaya, ka roƙi sallama a gaban mutane ba ka samu ba. Wanda Ya sallame ka yanzu bai jira ƙuri'ar kowa ba. Ka huta. Sauran maganar Anti tana hannunmu, kuma ba za mu sake yin shiru a kanta ba.